Injin Bala da Dawowar Wuta

Daren Laraba, Kankiya

Yau na biya shagon Bala. An ɗauke wuta, na tarar ya zura yatsu cikin wuƙaƙen injin nan mai fitar da ado a lanƙwasasshen katako, yana kwashe gari. Bai kashe injin ba, wai don su ji da zarar wuta ta dawo.

Na ce, "Bala, ita wutar sallama take yi maka?"

Ya yi dariya. "Haba Inna, kowa haka yake yi."

Kowa! Ni na haifi kowa? Ɗan da ya ƙi jin uwa, ƙarfe zai ji.

Yanzu ƙwan ɗakina ya kama, shi kuwa yana shago. Ina ta kiransa, bai ɗaga ba.