Ƙorafi Kan Hoton Maigidana da Aka Buga Ba da Izininmu Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Majalisar Ƙwararru Masu Ba Ƙungiyoyin Sa-kai Shawara.

Daga:
Sakatariya,
Ƙungiyar Masu Shanyewar Ɓarin Jiki da Iyalansu.

Kwanan wata: 21 ga Oktoba, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN MAMBANKU MAI LAMBAR RAJISTA 0417 BISA KARYA YARJEJENIYA DA ƘAGA LABARI A KAN MARAR LAFIYA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a gaban kwamitinka mai daraja. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara ashirin da tara ina aiki kafin na yi ritaya. Shekara huɗu da suka wuce maigidana ya samu shanyewar ɓarin dama, kuma a dalilin haka muka kafa wannan ƙungiya da wasu iyalai. Muna da mambobi talatin da ɗaya. Muna haɗuwa Talata da Alhamis a wani tsohon shagon ɗinki mai ɗaki biyu, inda ɗan wani mambanmu mai walda ya kafa mana ƙarafa biyu na koyon tafiya. Mambobi suna kiran ƙarafan "titin jirgi", wai domin wanda ya hau ba ya sauka sai ya kai tasha.

Abin da muka rasa shi ne likitan gashin ƙashi na dindindin. Na iya rubuta rahoton marar lafiya, amma ban iya harshen masu ba da tallafi ba. Saboda haka a ranar 12 ga Fabrairu, 2024, muka ɗauki mambanku mai lambar da ke sama, wanda daga nan zan riƙa kira Ƙwararren, kamar yadda katinsa ya kira shi, domin ya rubuta mana takardar neman tallafi zuwa wata gidauniya. Mun biya shi hakkinsa cif. Wannan ƙorafi ba na kuɗi ba ne.

1. Sashe na shida na yarjejeniyarmu ya ce ba za a fitar da hoto ko labarin wani mamba ba sai da rubutaccen izininsa. Ni na nemi a sa wannan sashe. Ƙwararren ya ce gidauniyoyi ba sa jin tausayin alƙaluma, fuska suke son gani, don haka ya nemi ya ziyarci gidaje biyar. Na sa gidanmu a ciki domin kada a ce na tura shi gidajen mutane na ɓoye nawa. Mun yi da shi ƙarfe goma sha ɗaya na ranar 21 ga Fabrairu. Ya zo ƙarfe takwas da rabi. Ya same ni ina canza zanen gado, maigidana yana zaune a kujerar roba da tawul kawai a cinyarsa, ban riga na goge masa baki ba. Na ce ya jira a falo. Na shiga kicin ɗauko ruwan zafi. Da na dawo na same shi a ƙofar ɗaki da waya a hannu, ya ce saƙo yake dubawa. Na yarda.

2. A ranar 28 ga Maris ya kawo mini shafin ƙarshe na takardar shi kaɗai, ya ce saura awa biyu a rufe karɓa, sauran shafukan suna cikin kwamfuta, zai turo mini daga baya. Na sa hannu. Bai turo ba. Ina so kwamiti ya rubuta cewa wannan laifina ne. Shekara ashirin da tara ina gaya wa mutane kada su sa hannu a kan abin da ba su karanta ba.

3. A watan Yuli aka sanar da mu cewa mun samu tallafin. A ranar 3 ga Satumba gidauniyar ta fitar da rahotonta na shekara a intanet. Hoton maigidana ne a bangon rahoton, da tawul ɗin, da bakin da ban goge ba. A shafi na takwas an kwafo labarinsa daga takardar da Ƙwararren ya rubuta. An ce iyalinsa sun yasar da shi. An ce 'ya'yansa sun gudu, yakan yi kwana biyu bai ci abinci ba, kuma ba ya gane kowa. An canza sunansa, amma ba a canza fuskarsa ba.

Ranka ya daɗe, ga gaskiyar lamarin, kuma akwai shaidu. Babbar 'yarmu ta ajiye aikinta shekara guda ta dawo gida domin mahaifinta. Ɗanmu yana zuwa kowace safiya kafin ya tafi aiki ya ɗaga shi zuwa banɗaki, bai taɓa fashi ba sai ranar da matarsa ta haihu. Maigidana ya koyar da lissafi shekara talatin da huɗu. Kalmomi uku kawai suka rage a bakinsa, amma yana karatu sarai, har yakan ja layi da hannun hagu a ƙarƙashin kuskuren da ya gani a jarida. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya turo masa rahoton ta waya, tare da saƙon jaje da tayin zuwa ya ɗauke shi daga hannunmu. Ya riga ni gani. Na shigo da shayi na same shi ya kai shafi na takwas. Na tsaya ya gama. Ya kife wayar a kan gado. Na ajiye shayin, na koma kicin na wanke kwanukan da na riga na wanke.

4. Daga wannan rana bai sake zuwa wurin motsa jiki ba. Kafin nan yana kaiwa ƙarshen ƙarafan sau huɗu ba tare da an riƙe shi ba. Yanzu ƙafar ta fara ƙagewa, na san abin da nake gani. Idan baƙo ya yi sallama sai ya ja bargo har wuya. Yayansa ya zo daga nesa, ya tsaya a tsakar gida, maƙwabta suna ji, ya tambaye ni ko da gaske ne ba na ba ƙaninsa abinci. Na ce ya shiga ya tambaye shi. 'Yarmu ta daina ɗaga wayar dangi. Iyalai tara sun daina zuwa ƙungiya. Wani tsohon direba, wanda bai taɓa fashin zama ba tun kafuwarmu, ya aiko matarsa ta karɓi fayil ɗinsa, ta ce ya ce gara ya mutu a gurgunce da ya ga kansa a bango. Na ba ta fayil ɗin, na sa ta sa hannu a littafi.

5. Na kira Ƙwararren sau shida bai ɗaga ba. A ranar 17 ga Satumba na je ofishinsa na zauna har ya fito. Na nuna masa sashe na shida. Amsarsa, kamar yadda na rubuta ta a takarda da fitowata, ita ce: "Haba Mama, tallafin ya fito ko bai fito ba? Ƙungiya ɗari biyu suka nema. Ɗan gishiri kawai na ƙara." Ya ce kowa haka yake yi, kuma idan na tayar da maganar gidauniyar za ta janye tallafin, mu ne za mu yi asara. Ya yi mini alkawarin ragi a aiki na gaba. Ya ba ni kalandar kamfaninsa. Na karɓa, ban san dalili ba. Mutane suna tambayata ko na yi masa faɗa. Ban yi ba. Ban ji komai ba a lokacin, kuma har yau ina jira in ji.

6. Ba mu taɓa tallafin ba, ba mu kuma ɗauki likitan ba. Kwamitin ƙungiyarmu ya zauna sau biyu. Wasu sun ce a yi shiru, tunda bakin alƙalami ya riga ya bushe, kuma akwai mutum talatin da ke buƙatar likita. Ban ga laifinsu ba. Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu da uku, aka yarda a gaya wa gidauniyar gaskiya. Na rubuta musu ranar 7 ga Oktoba. Amsar da ta zo ta na'ura ce, tana godiya da tuntuɓa. Hoton yana nan a bango har safiyar yau, na duba.

Bisa abin da ya gabata, ina roƙon kwamitinka cikin ladabi da ya umarci Ƙwararren ya rubuta wa gidauniyar da hannunsa cewa shi ya ƙaga labarin, ba mu ba, ya kuma nemi a cire hoton. Ina roƙon ya miƙa mana duk hotuna da muryoyin da ya ɗauka a gidajen nan biyar, domin sauran huɗun ba su san abin da yake riƙe da shi nasu ba, ni ma ban sani ba. Ina roƙon ya rubuta takardar ban haƙuri da sunan maigidana na gaskiya, ba da sunan da ya laƙaba masa ba. Hukuncin da ya dace da shi kuwa, na bar wa kwamiti, ya fi ni sanin dokokinsa. Na haɗa kwafin yarjejeniyar, da bangon rahoton, da shafi na takwas.

Akwai roƙo ɗaya na ƙarshe. Jiya na karanta wa maigidana wannan takarda tun daga farko, ya gyara mini kwanan wata guda. Da na kai inda na ce ni zan wakilce shi a zaman kwamiti, layin da yanzu na cire, ya buga hannun kujera har sai da na tsaya, ya nuna ƙirjinsa. Na tambaye shi sau biyu ko da kansa yake so ya je, sau biyu ya nuna. An gaya mini ɗakin zamanku yana hawa na uku kuma babu lif, sai matakala. Ina roƙon a sauko da zaman ƙasa, a kuma ba shi lokaci idan an yi masa tambaya. Yana da jinkiri, amma zai amsa.

Ina mai jiran umarninka. Allah ya ƙara girma, ya sa a yi adalci.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Sakatariya,
Ƙungiyar Masu Shanyewar Ɓarin Jiki da Iyalansu.