Ƙullin Baba a Littafin Agwagwa

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya lau. Baba yana cin abinci sosai, sai dai idon ya ƙara ja baya. Har yanzu kullum da safe sai ya zo shago ya zauna a kujerarsa yana gyara mini riƙon allura, ni da na shekara goma sha biyu ina ɗinkin littafi.

Kin tuna littafin 'yar agwagwa mai jan takalmi? Shugabar laburare ta aiko mini da shi jiya, karo na shida ke nan da ya zo gyara. Bango ya rabu, wani ya ciji kusurwa, ƙarƙashin fiffiken uwar kuwa ya koɗe fari fat saboda yatsu. Ta ce har yau babu littafin da yara ke rububinsa kamar wannan. Waɗanda suka are shi suna ƙanana su ne yanzu ke kawo nasu 'ya'yan. Ta haɗo mini da sabon bugu don in duba jerin shafuka, tunda littafin ba shi da lamba, hotuna ne da 'yan kalmomi.

Yaya, jerin bai zo ɗaya ba. A sabon, hoton da uwa ta lulluɓe 'yarta da fiffike yana tsakiya, a shafin ƙarshe kuwa 'yar agwagwa ce ita kaɗai a kan ruwa, uwar ta tafi. A tsohon an musanya su. Na leƙa gindin littafin na ga ragowar tsohon zare, ƙullin Baba ne mai zagaye biyu. Shekara talatin ke nan yara suna karanta kuskurensa, ni ma sau biyu na ɗinka ina bin sahu. Kin san abin taƙamarsa ɗaya a duniya, wai bai taɓa ɗinka shafi a inda ba wurinsa ba. Ban faɗa masa ba, kuma ba na so ya ji.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma fata maganin ya karɓe ki. Na ga amsarki. Kin ce ba ki tuna komai sai jan takalmin, kin kuma ce in gyara shiru in rufe bakina. Haka na yi, amma abin ya ƙi rufuwa.

Ranar Asabar aka karanta wa yara shi a laburare. Da aka kai ƙarshe suka ce ba haka ba ne, wata ta fashe da kuka. Ranar Litinin sai ga matar telan unguwarmu a shago da littafin a hannu, tana sababi. Ta ce ita da wannan littafin ta girma, ta san inda uwar agwagwa take kwana, wane ne ni da zan kore ta. Na ce mata haka mai littafin ya tsara, ta ce to mai littafin ma bai iya ba.

Duk wannan a kunnen Baba. Ya miƙa hannu aka ba shi, ya shafa gindin da babban yatsa, ya buɗe shafin ƙarshe ya kai shi dab da idonsa. Sai ya ɗauki sandarsa ya fita. Yau kwana uku bai zo shago ba. Shugabar ta tambaye ni wa ya yi kuskuren tun farko, na ce ni ne. Wallahi zuciyata ba daɗi, gara ya zage ni da wannan shirun.

Ki sa mu a addu'a.
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya da rana na shiga ɗakinsa don in ba shi haƙuri. Ya ce ya ji abin da na faɗa wa shugabar, in daina ƙarya don rufa masa asiri, shi ya musanya shafukan, kuma da idonsa biyu ya yi. Shekarar da Mama ta rasu ne, ina wata huɗu, kina shekara biyar. Ya aro miki littafin, kika maƙale masa. Duk sanda aka kai shafin ƙarshe sai ki rufe ki tambaye shi ina uwar ta tafi. Da zaren ya saki aka ce ya gyara, sai ya mayar da fiffiken ƙarshe. Ya ce ranar kika sa yatsa a ƙarƙashinsa, kika yi barci da rana tsaka, abin da kika yi wata biyu ba ki yi ba. Ya yi niyyar mayar da shi daidai kafin ya kai laburare, amma kika raka shi, ya kasa.

Na tambaye shi me ya hana shi zuwa shago. Ya ce ba kunya ba ce, ganin 'yar agwagwa ita kaɗai a ƙarshe ne ya taso masa da abin, rabonsa da ganin haka tun lokacin. Ya kuma ce in rubuta miki cewa yana nan a kan bakansa, bai taɓa ɗinka shafi a inda ba wurinsa ba.

Shugabar ta jera sababbin bugu a kanta, ta bar mana tsohon. Yau da safe na warware ɗinkina, muka mayar da fiffiken ƙarshe. Ni na zura masa zare, shi ya ɗinka da lalube, ya yi ƙullinsa mai zagaye biyu. Ga shi nan na haɗo miki da wasiƙar. Wurin da ya koɗe ɗin nan a ƙarƙashin fiffike, ya ce yatsanki ne ya fara.

Baba yana gaishe ki ƙwarai.
Ƙaninki, Auta