Sai Na Maimaita Abin da Baba Ya Ce

Litinin, 3 ga Maris
Ran 13 za a yi wa Baba aikin zuciya. Wata takwas rabon da mu yi magana, tun da na bar makaranta. Yau Mama ta ja mu wurin wata mai ba da shawara a asibitin, wai masaniyar halayyar ɗan'adam. Ɗan ƙaramin ɗaki, kujeru huɗu, fanka sai ƙara. Na gaya mata littattafan fanninta uku na karanta, ba sabon abin da za ta faɗa min. Ta ce madalla, wanne na fi so? Haushi kamar in fashe.

Laraba, 5 ga Maris
Dokarta ɗaya: ba ka mayar wa mutum amsa sai ka maimaita abin da ya faɗa, shi kuma ya yarda haka ya ce. Wasan yara. Ni da takardata na je, laifuffukan Baba goma sha ɗaya, kowanne da lambarsa.
Baba ya yi ta magana. Ta juyo gare ni: "Me ya ce?"
Na ce cewa ya yi ni ɗan banza ne.
Baba ya girgiza kai. Mama ma. Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba, ina can ina wasa lamba ta huɗu a raina kamar wuƙa. Matar ta ce to yau babu amsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Na tambayi Mama me ya ce. Ta ce ita ba 'yar aikena ba ce.

Asabar, 8 ga Maris
Sau uku Baba ya tsaya kafin ya gama hawa matakala. Ta taga na gani. In aka shiga da shi bai fito ba... a'a. Layi ɗaya na karanta sau biyar, na rufe littafin.

Litinin, 10 ga Maris
Mun koma wurin matar. Ta roƙe shi ya sake faɗa. Na cije harshena.
Tsoro yake ji. Ba na wuƙar likita ba. Tsoron ya tafi ya bar Mama da ɗan da ba ya iya zama ɗaki ɗaya da kowa.
Na maimaita. Muryata ta yi wani iri. Ya ce, "Haka na ce."
Ta ce yanzu sai amsata. Na ninke takardata na mayar aljihu. Ta bar mu haka, ba ta ceci kowa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Gobe ne. Mutum ɗaya za a bari ya raka shi ƙofar tiyata. Na ce wa Mama ta zauna, ai ƙafarta na ciwo. Don ƙafar ne kawai. Ta ce ƙafarta lafiya ƙalau, amma to.