Sunansa Habibu, Ba Ƙaguwa Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Gasar Gem ɗin Faɗa da aka yi a Bici.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku da sauran 'yan kwamiti, sunana Sagiru, manomi ne ni daga wani ƙauye a ƙasar Bagwai, kuma ina cikin waɗanda suka fafata a gasarku ta bana. Ni ba za ku tuna ni ba, domin tun a wasana na biyu aka fitar da ni. Amma yayana Habibu kun san shi, tunda bidiyonsa yana nan a shafinku har yau. Na kira lambar da ke jikin fostarku, aka ce za a neme ni, ba a neme ni ba. Na tura saƙo, aka karanta aka yi shiru. Shi ya sa na kawo maganar fili, yadda ku ma kuka kai tasa fili.

Ranka ya daɗe, bari in fara gaya muku wane ne mutumin da kuka yi wa dariya. Shekarun baya injin casar masara ya ci hannun Yaya Habibu na dama, ya bar masa babban yatsa da ɗan ƙaramin kawai. Ciwon ya warke, amma mutumin bai warke ba. Ya daina zama majalisa, ya daina zuwa ɗaurin aure. A masallaci sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya fice kafin wani ya miƙo masa hannu. Gona da ɗaki, shi ke nan rayuwarsa.

A bakin kasuwarmu akwai shagon cajin waya mai sola, da talabijin ɗaya da na'urar gem, inda samari ke taruwa bayan la'asar. Da ƙyar na ja shi can, da sunan kallo kawai. Ya daɗe yana kallo kafin ranar da ya karɓi fad, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Da farko bai iya komai ba. Sai ya gano cewa gem ɗin da kansa ya ba kowa damar sauya wurin madannai, a kai naushi nan, a kai shuri can. Ya jera su yadda yatsunsa biyu za su kai, ya ɗora fad ɗin a cinya, ya dinga gwadawa. Kafin damina ta zagayo babu mai iya kayar da shi a garinmu. Daga ƙauyukan kusa ake zuwa kallonsa. Innarmu da ke cewa wasan shashanci ne, ranar da ta jiyo dariyarsa daga zaure ba ta ƙara cewa komai ba. A wurinku wannan abu nishaɗi ne da talla. A gidanmu shi ne ya mayar da Yaya cikin mutane.

Da muka ga sanarwar gasarku, bayan an kai gero gida, shi ne ma ya fara cewa mu je. Na goya shi a babur, don hannunsa ba ya iya murɗa totur, muka kama hanyar Bici da safe.

Ba zan hana ku haƙƙinku ba. Wurin ya yi kyau. Ban taɓa ganin gem a jikin majigi ba sai ranar, 'yan faɗan sun kai girman mutum, kowane naushi sai ka ji shi a ƙirjinka. Na ga 'yan wasa daga Shanono da cikin Bici da wasu garuruwan, waɗanda hannunsu ya fi idona sauri. Wani ɗalibin kwaleji ya yi mini dukan da ban taɓa sha ba, na tashi na ba shi hannu, raina fes. Wanda ya fi ka ya fi ka. Ba a kan wannan nake ƙorafi ba. Ga abin da ya kawo ni.

Na farko, kun sauya doka ana tsakiyar gasa. Tun a bakin ƙofa, wurin rajista, muka nuna wa jami'inku hannun Yaya, muka yi masa bayanin yadda yake jera madannai, ya ce babu laifi, kowa ma yana iya yi. Yaya ya yi wasanninsa na farko a haka, a gaban alƙalinku, ya cinye su duka. Zauren ya koma bayansa, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna ta kiran sunan Bagwai. Babu wanda ya ce uffan a kan madannai, sai da ya kai wasan kusa da na ƙarshe, inda zai kara da wani saurayi mai suna Nazifi. Nazifi yaron mai babban gidan gem ɗin nan ne na cikin gari, wanda kowa a zauren ya san shi ya kawo majigi da janareta. Da idona na ga wannan Alhajin ya taso daga kujerar gaba, ya sunkuya ya yi magana a kunnen alƙali. Alƙali ya zo wurinku, kuka yi shawara, sannan aka sanar cewa daga yanzu kowa zai yi wasa da madannai yadda suka zo daga kamfani. Mutum ɗaya ne a duk zauren wannan doka ta shafa, kuma kun san shi. Idan haramun ne, me ya sa ya halatta da safe?

Na ce da Yaya ya tashi mu tafi. Ya ce, “Tunda mun zo, bari mu ƙarasa.” Ya zauna ya karɓi fad. Madannan da ake buƙatar yatsu huɗu a kansu, yana bin su da biyu. Ya kai wa wannan, wancan ya kuɓuce. Ɗan faɗansa ya tsaya a jikin majigi kamar gunki ana ta jibgarsa. Turmi biyu aka yi, kamar yadda muke kiran zagayen wasa a wurinmu, bai kai naushin kirki ko ɗaya ba.

Na biyu, kuma wannan ya fi ci mini rai, shi ne bakin mai gabatarwarku. Yana riƙe da makirufo ya matso kan Yaya, ya nuna hannunsa, ya ce jama'a su zo su ga ƙaguwa ta kama fad. Zauren ya fashe da dariya, har da waɗanda suka gama yi masa tafi ɗazu. Da ya ga abin ya karɓu sai ya maimaita, yana buɗe yatsunsa biyu yana rufewa. Kuna zaune a kan babban tebur, ranka ya daɗe. Ina kallon fuskarku. Ban ce kun yi dariya ba, amma ba ku ɗaga hannu kun tsayar da shi ba, alhali ɗaga hannun kawai ya isa.

Ina so a san cewa ba na riƙe da Nazifi. Ya biyo mu har wurin da muka ajiye babur, ya ce wallahi bai nemi a yi haka ba, ya so ya gwada kansa da Yaya yadda Yaya yake. Maganarsa ta rage mana zafi, ko da yake hakan bai hana shi karɓar kofin ba.

A hanyar komawa, da muka hango rumbunan garinmu, Yaya ya taɓa kafaɗata. Ya ce, “Sagiru, kada ka gaya wa Inna.” Ban gaya mata ba. Ku ne kuka gaya mata.

Wannan ya kawo ni na uku. Bayan kwana kaɗan kuka saka bidiyo a shafinku. Ba ku saka wasannin da ya ci ba, ko ɗaya. Kuka zaɓi na ƙarshen, kuka matso da hoton kan hannunsa, kuka ɗora sautin dariya, kuka rubuta a ƙasa cewa asirin mai dabara ya tonu da aka hana shi dabararsa. Wato bayan izgili, har da ƙazafin maguɗi. A wayar maƙwabciya Inna ta gani. Ta shiga ɗaki, ranar ba ta ci tuwo ba.

Wataƙila ku da ke zaune a gari ba ku san yadda suna ke kama mutum a ƙauye ba. A nan idan ya kama, har jikokinka za a kira da shi. Ranar kasuwar Bagwai mun kai albasa, wani dillali da ba mu taɓa haɗa hanya da shi ba ya kwaɗa wa Yaya kira da Ƙaguwa daga tsallaken rumfa, yana ɗaga waya. Matar Yaya, Rabi, ta je suna, wata ta tambaya ko ita ce matar Ƙaguwa, ta baro gidan ba ta jira abinci ba. Yanzu hannunsa kullum a aljihu yake, ko da rana ta take. Bai sake taka shagon cajin ba. Mai shagon ya aiko masa har gida, Yaya ya ce a gaishe shi kawai. Abin da muka yi shekaru muna lallaɓawa, kun rushe shi a yini guda, don ku faranta wa mai janareta, kuma ku samu masu kallo a shafi.

Ba kofi muke nema ba, ba kuma kyauta ba. Ko kun ce a sake wasan, ban jin zai zo. Abin da nake roƙo shi ne:

Ɗaya, ku sauke bidiyon nan. Na san ya riga ya shiga wayoyi, amma ku cire naku hannun.

Biyu, ku fito a shafin nan dai, da bakinku, ku faɗa cewa Habibu bai yi maguɗi ba, cewa jami'inku ya amince masa tun da safe, kuma ku ne kuka sauya doka daga baya. Ku saka wasannin da ya ci, mutane su ga abin da yatsu biyu suka yi.

Uku, mai gabatarwarku ya ba shi haƙuri da muryar da ya yi masa izgili, ya kuma kira shi da sunan da mahaifinmu ya raɗa masa.

Huɗu, idan za ku sake gasa baɗi, ku faɗi dokokinku kafin mutum ya baro gidansa. Idan ba ku son masu rauni, ku rubuta haka a fosta, kowa ya sani. Ya fi a bari su zo a yi nishaɗi da su.

Yaya bai san na rubuta wannan ba, kuma na san ransa zai ɓaci idan ya gani. Na gwammace ya yi fushi da ni, da in ci gaba da gaishe shi kullum safe yana amsawa bai ɗago kai ba.

Ina roƙon Allah ya ba ku ikon gyara abin da kuka ɓata tun kuna da dama. Allah ya ƙara muku lafiya, ya albarkaci sana'arku. Allah ya bar muku yatsunku goma cif, ku da 'ya'yanku, kada ya taɓa nuna muku ranar da za ku gane abin da nake faɗa.

Wassalam.

Naku,
Sagiru, ƙanen Habibu,
daga ƙasar Bagwai.