Aron Kifin Baba

Asabar, 3 ga Mayu

Na sayo namijin kifin. Ja ne jawur, jelarsa kamar mayafi, sai hura hanci yake. Na sa masa suna Soja. Yana kicin, cikin tankin gilashin da na ajiye gefen firij.

Mai kifi bai so sayar min ba da ya ji nufina. Wai, "'Yar'uwa, yaushe kika fara kiwon kifin beta? Jiya-jiya fa. Kiwo daban, haɗa su su hayayyafa daban. Namijin nan in ransa ya ɓaci kashe macen yake yi." Na ce ai na kalli bidiyo. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Kamar in shaƙe shi.

Shi bai san halin da nake ciki ba. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, kullum na ja ƙofa na tafi shagon gyaran gashi gabana faɗuwa yake yi. In ya faɗi ba kowa fa? In 'ya'yan kifin nan suka samu ina sayarwa daga gida, na huta da barinsa shi kaɗai.

Saura mace. Mai kifi ba shi da wadda ta isa ƙwai sai wata mai zuwa. Ni kuwa mace ɗaya na sani mai ciki fal da ƙwai, tana kan teburin gefen gadon Baba.

Litinin, 5 ga Mayu

Hajiya. Baba ne ya raɗa mata sunan. Na sayo masa ita ne bayan an sallamo mu daga asibiti, don ya samu abin kallo. Mutumin da likita ya yi ta fama da shi ya ce "ruwa" ya kasa, sai ga shi wata safiya yana ƙwanƙwasa gilashi da yatsa: "Hajiya. Taso." Ita kuma ja'irar ta taso. Da kifi ya fara magana, ba da ni da na kwana a kujerar asibiti ba. Har yanzu rabin kalmominsa na yini nata ne.

Yau na ɗauke ta. Na ce masa wanke tankin zan yi. Ƙarya ce, Allah ya yafe min. Aro ne kawai, kwana biyu.

Tana cikin kwalba a tsakiyar tankin Soja, su ga juna ba taɓawa. Sai kumbura wuya yake yana dukan kwalbar.

Talata, 6 ga Mayu

Soja ya tara kumfa a saman ruwa, nan zai ajiye ƙwan. Baba ya yini yana kallon zoben da tanki ya bari a kan tebur.

Laraba, 7 ga Mayu

Na sake ta daga kwalbar da safe. Innalillahi! A bidiyo rawa suke yi, su nannaɗe juna a hankali, ana kiɗa a baya. Nan kuwa farauta na gani. Ya bi ta lungu-lungu, ya cafki jelarta ya yaga, ina kallon yankin yana lilo a ruwa. Ta shige bayan ganye ta lafe, kalarta ta koɗe fes.

Na tsaya da 'yar raga a hannu. In cire ta? In bar ta? Uwar ɗakina na ta kira a waya, wai akwai masu jira. Haka na tafi na bar su.

A shago na kusa ƙona wa wata mata kunne da abin miƙar da gashi. Ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa?" Me zan ce? Kifi ne?

Da na dawo Baba ya kalle ni, ya kalli tebur. Na ce, "Gobe, Baba. Gilashin bai bushe ba." Gilashin da ruwa za a zuba masa! Jikinsa ne ya shanye, ba hankalinsa ba. Ya juya fuska bango.

Alhamis, 8 ga Mayu

Tana kwance a ƙasan tanki, ta ɗan karkace. Sai can ta yunƙuro ta shaƙi iska ta koma.

Na kira mai kifi. Wai wani lokacin haka suke yi kafin su shirya. "In kin cire ta yanzu, wahalar banza ta sha. In kin bar ta, ƙila gobe ki ga ƙwai, ƙila ki ga gawa. Ni dai na faɗa miki." Na tambaye shi ko yana da wata mai kama da ita, ko da ƙarama ce. Ni da kaina na ji kunyar bakina.

Baba cokali biyu ya ci ya ture kwanon. Ina tsoro. Tsoro nake ji sosai. In ta mutu, bakin nan da ya fara buɗewa zai sake rufewa, kuma ni na rufe shi. Garin neman gira.

Na bar ta. Gobe kawai.

Juma'a, 9 ga Mayu

Hankalina ya ƙi kwanciya a shago, na gudo gida da tsakar rana. Gadon Baba wayam.

A kicin na same shi, zaune dirshan a ƙasa, ya jingina da firij, sandarsa can ƙarƙashin tebur, gwiwarsa ta goge tana jini. Daga ɗakinsa zuwa kicin! Mutumin da sai na riƙe shi yake kai banɗaki. Ban san tun yaushe yake wurin ba, kuma ba na son in sani.

Na yi kansa ina kuka, ya ture ni da hannun mai lafiya. Ya nuna tankin. Bakinsa ya yi ta motsi, ya yi ta motsi, sannan kalmar ta fito:

"Cire."

A daidai lokacin Hajiya ta fito daga bayan ganye ta nufi ƙarƙashin kumfar, Soja na zagaya ta a hankali, irin na bidiyon sak. Abin da na yi ta jira ke nan. Na sa raga na kwashe ta.

Sai da ya ga ta koma tankinta ya yarda na ɗaga shi.

Asabar, 10 ga Mayu

Tana numfashi. Ba ta ci ba. Baba ma.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ta fara cin abinci. Gefen jelar ya soma tsirowa, fari-fari. In Baba ya ƙwanƙwasa gilashi ba ta tasowa, gudu take yi ta ɓuya. Yana kiranta dai, ƙasa-ƙasa. Ni bai ce min komai ba tukuna.

Mai kifi ya aiko saƙo wai matan sun iso da wuri. Ban amsa ba. Ba wai na fasa ba ne, aiki ne ya yi min yawa.

Ɗazu na shiga da bokiti zan canza mata ruwa, da gaske wannan karon. Ina miƙa hannu, Baba ya ɗora tafinsa a kan murfin tankin. Bai harare ni ba, bai ma kalle ni ba. Na ce, "A nan zan yi, Baba, a gabanka. Ba inda zan kai ta."

Na ajiye bokitin na zauna a bakin gado. Ba sauri nake ba. Har na taso in rubuta wannan, bai ɗauke hannun ba.