Katakon da Sai Mutum Biyu

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka da 'yar jikata, ya raba ku da sanyin nan da kake yawan ba ni labari, ya sa albarka a aikinka. Mu nan mun gode Allah. Kawunka dai gwiwar ta sake tashi, sai da sanda yake saukowa daga bene, amma bakinsa lafiya lau, har yanzu yana musu da rediyo. Goggonka ta rabu da tarin, ta koma shagonta. Jaririn maƙwabta ya fara haƙori, duk gidan mun shaida. Ni kuma ban da idon hagu da ke ruwa in na daɗe a kan rubutu, ba abin da ke damuna a jiki. Wadda ba ta da lafiya ita ce Auta, ita ma ba irin ciwon da ake kaiwa asibiti ba. Tana cin abinci, tana zuwa jarrabawarta, amma ta daina waƙa in tana wanke-wanke, kai kuwa ka san Auta.

Mijin goggonka zai bi ta garinku, shi na ba takardar ya sa maka a hannu. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a ajin manya na koya, hannuna ya riga ya saba da dutsen guga kafin ya san biro. Na zaɓi takarda ne don ka daina ɗaukar wayar gidan nan, ita kuwa takarda ba ta da wurin da ake dannawa a toshe mutum.

Maganar na'urar gem ɗin nan ce, ƙaramar mai naɗewa da ka aiko wa Auta shekarar da ka tafi, ka riƙe irinta a wurinka. Da farko na yi faɗa, na ce ka aiko mata abin da zai cinye mata karatu. Sai wata rana da la'asar na dawo daga ɗakin wankin otal, ƙafafuna sun kumbura, ta zo ta zauna a gefena ta ce in duba. Na duba, na ga wani ɗan tsibiri, ruwa ya kewaye shi, ciyawa na kaɗawa. A tsakiyarsa ga tsohon gidanmu, wanda aka rushe da za a faɗaɗa titi. Ɗana, sai na matso da ita kusa da idona. Ga ƙofar nan da ta karkace, ga famfon tsakar gida, ga bishiyar da reshenta ke leƙa tagar ɗakina, har igiyar shanya kun ɗaura. Auta ba ta tuna gidan, tana goye aka tashe mu. Ta ce kai ne kake faɗa mata daga can, kana cewa matsar da bencin hagu, Baba ba ya zama inda rana ke dukansa, ita kuma tana matsarwa.

Tun daga ranar, in na dawo aiki sai ta ba ni in ɗan zaga. Ta yi mini wata 'yar tsana mai ɗankwali shuɗi ta ce ni ce. Ban iya komai ba sai tafiya da ban ruwa. Nakan bi ta ƙofa in tsaya a gindin bishiya, wani ɗan kiɗa na tashi a hankali kamar daga gidan maƙwabta, inuwa na matsawa, tsuntsaye na sauka a kan igiya. Wani lokaci har ƙanshin katakon da aka fere nake ji, alhali na san ba komai a hannuna sai roba da gilashi. Rabin karatuna ma a can na ƙarasa shi, don duk abin da na taɓa sai rubutu ya fito, ni kuma in tsaya in haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ba mai yi mini dariya. Ranakun da ka shigo daga can, na ga ɗan mutumin naka ya fito daga jirgin ruwa da jar hula yana ɗaga mini hannu, nakan kwana kamar ka zo gida ka ci abinci ka koma.

Abu ɗaya ya rage ba ku gama ba, shagon kafintancin mahaifinku. Kun tayar da bango, kun sa teburin aiki da zarto a rataye, saura rufi. Auta ta ce babban katakon da ke riƙe rufin, gem ɗin ba ya yarda mutum ɗaya ya ɗauka, sai biyu, kowa ya kama gefe. Kun sa ranar da za ku ɗora shi, sai ka sayi babbar na'urar nan baƙa.

Ni ban ga laifin sayen abu da guminka ba. Abin da ban sani ba shi ne, ashe masu ƙarama da masu babba ba sa ga-maciji. Auta ta nuna mini zauren da kuke taruwa a intanet, mutane ba iyaka, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani, kowa da sunan da ya raɗa wa kansa. Masu babba suna ce wa ƙaramar akwatin ashana. Masu ƙarama suna ce wa babbar dutsen guga, wai in ta yi zafi har riga za ta goge, wannan kam na yi dariya, na ce su kawo ta wurin aikinmu a gwada. Kawunka da ya ji, cewa ya yi kamfanonin nan biyu ko sunanku ba su sani ba, wataƙila ma masu su tare suke shan shayi. Goggonka ta ce masa ya yi shiru, shi da ya yi wata bai gaisa da mai aski ba saboda ƙwallo.

Da wasa aka fara, ina gani. Sai wasan ya yi tsami. Ka zama babba a cikin masu babba, suna kiranka Guguwa, in ka yi magana sai a yi ta tafa maka. Ran da ka rubuta cewa duk mai riƙe ƙarama jariri ne da ba a yaye ba, Auta ta karanta mini da murya tana dariya, amma idanunta sun ciko. Ta mayar maka, ka mayar mata, mutanenta na zuga ta, mutanenka na zuga ka. Wasu ma sun san ku wa da ƙanwa ne, abin ya ƙara musu daɗi. Ina zaune ina ninke kaya ina jin 'ya'yana biyu na yanka juna a gaban baƙi, saboda wace na'ura ce batirinta ya fi daɗewa.

To ga abin da na ɗauki biro dominsa. Saƙon nan da ya fito da sunan Auta, wanda aka ce maka Ɗan Tsako ka bari haka nan, ƙanwarka ce, ka ci abinci kuwa, ba ita ta rubuta ba. Ni ce. Ta bar wayarta a caji a kicin ta shiga wanka, zauren a buɗe, maganarka a sama. Na goge hannuna na rubuta da yatsa ɗaya. Wallahi na ɗauka kai kaɗai za ka gani, kamar in tura maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Na ga sunanka a wurin, na zaci da kai nake magana. Har na ji daɗi da na rubuta ba tare da na tambayi kowa ba. Da Auta ta fito ta duba, sai ta zauna a ƙasa da tawul a kanta ta ce Mama kin kashe mu.

Sauran ka fi ni sani. Na ga hoton da suka zana, ɗan tsako rungume da baƙar na'ura iska na jujjuya shi. Na ga yadda duk abin da ka faɗa sai a tambaye ka ko ka ci abinci. Auta ta ce har naka mutanen sun shiga dariyar, abin da ya fi ƙona ka ke nan. Ka rubuta mata cewa ta sayar da kai, ta ɗauki sunan cikin gida ta miƙa wa maƙiya, har da kwaikwayon muryata don a ƙara dariya, sannan ka toshe ta ko'ina. Na ce ta nemi hanya ta gaya maka gaskiya. Ta ce wanda ya yarda za ta iya yi masa haka, ba ta da abin faɗa masa. Taurin kan nan naku iri ɗaya ne, na san kuma inda kuka gado shi.

Sunan nan ba na zagi ba ne, ɗana. Mahaifinka ya sa maka, lokacin da kake rarrafe ƙarƙashin teburinsa kana tsintar ɓawon katako, ka fito kanka duk garin zarto, rawaya shar, kana bin ƙafarsa duk inda ya juya. In ya rasa ka sai ya tsaya da aiki ya ce ina ɗan tsakona. Ni na fitar da sunan waje cikin rashin sani, mutanen da ba su san shi ba suka tattaka. Wannan ciwon nawa ne, ka bar wa Auta nata.

Nata ɗin ma ya ishe ta. Da ka yi fushi, mutanenka suka ɗauka yaƙi ne suka yi mata ca. Duk hoton tsibirin da ta taɓa sawa sun bi sun zage shi. Wani ya ce gidan kamar kejin kaji, gidan da na haife ku. Wani kuma ya rubuta sunan makarantarta, ya ce ya san ƙofar da take fitowa. Ita ta ce surutu ne kawai. Ni dai tun ranar nake karɓar izini a wurin aiki in tsaya a tsallaken titi har ta fito, ina duban fuskar duk wanda ya ratsa, ban san wa nake nema ba. Na tabbata ba kai ka sa su ba. Amma da sunanka suke yi, in ka ce su bari za su ji.

Yanzu ta yanke shawara. Ta ce ranar Asabar ta ƙarshen watan nan, in ta gama jarrabawa, za ta kai na'urar wurin mai gyaran waya na bakin titi ya goge komai ya sayar, ta huta. Na je wurinsa da kaina na tambaye shi ko akwai dabarar da za a cire gidan a ajiye a wani wuri. Ya sauke gilashinsa ya ce Mama, tsibirin a cikin ta Auta yake zaune, ɗanki baƙo ne yake zuwa, in an goge an goge. Ya ce shi ma ƙaninsa cikin masu babba yake, ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Na fito ina tunanin ashe gida ɗaya ana iya rushe shi sau biyu.

Har yanzu tana bar mini ita da la'asar, ko da yake ita ba ta taɓawa. Ciyawa ta rufe ƙofar ɗakinka, nakan cire, washegari ta dawo. Furannin da ka shuka a bayan famfo ina ba su ruwa, ba su mutu ba. Jirgin ruwan na nan a ɗaure yana ɗan rausaya. Jiya na je gaban shagon na tsaya a kan katakon, na danna in ɗauka. 'Yar tsanar tawa ta sunkuya ta kama gefe ɗaya, ta yi ta ja, ta saki, ta juyo ta kalle ni tana girgiza kai. Na sake dannawa, ta sake yi. Sai gajimare ya taso a cikin gem ɗin aka fara yayyafi, ruwa na sauka a kan teburin mahaifinku da zartonsa, ni kuma ina tsaye ba ni da abin rufawa. Na san zane ne. Amma sai da na tashi na rufe tagar ɗakina.

Matarka ta taɓa gaya mini ƙaramar taka na nan a cikin durowa ƙarƙashin safa, ba ka yar ba. Auta ta ce in ka kunna ta, duk zauren za su ga Guguwa ya koma akwatin ashana, za su yi maka dariyar da ta fi ta farko, don haka ba za ka taɓa yi ba. Wataƙila ta yi gaskiya. Ni ban san girman da mutum ke samu a wurin nan ba, ban kuma raina shi ba, tunda na ga zafin da ka ji da aka taɓa shi. Abin da na sani, su in sun gaji da ku gobe za su sami wasu. Ita kuwa yaya ɗaya gare ta.

Kawunka na gaishe ka, ya ce a faɗa maka har yanzu yana jiran man shafawar gwiwar. Goggonka na gaida matarka. Ka shafa mini kan jikata, ka ce kakarta ta iya rubuta sunanta yanzu. Auta ba ta ce a gaishe ka ba, ba zan yi mata ƙarya ba, amma da ta ga ina rubutu ita ta kawo mini wani biron da nawa ya ƙare, ba ta tambayi wa nake rubuta wa ba.

Ina roƙonka ka ba ni amsa kafin Asabar ɗin nan ta ƙarshen wata. Ba sai ka rubuta doguwar takarda ba, ba sai ka kira ba ma in bakinka ya yi nauyi. Kullum bayan la'asar ina gaban shagon, na kama gefena. In na ga jar hula ta fito daga jirgi, zan miƙa wa Auta na'urar in tashi in ba ku wuri, don wannan katakon ba ni ya kamata in ɗauka ba.

Allah ya yi maka albarka, ya shirya mini ku. Ka ci abinci.

Mahaifiyarka