Ledar da Na Miƙa wa Majo

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah kada ku yi mini rotse, na riga na zagi kaina.

Ni tsoho ne, mai gadi a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a nan Matamaye. Lakkol aji biyu na yi, maigidan makaranta ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Amma a majalisa Dokta ake ce mini, don nakan cika baki cewa na san ruwan leda fiye da masu farar riga. Ashe bakina ne zai kashe ni.

Ran kasuwa da hantsi aka kawo abokin wasana, wani tela daga Dungu, ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya. Majo ɗinmu, shugabar ma'aikatan jinya, ita kaɗai ce a wurin. Tana danna ƙirjinsa, gumi na zuba, ta yi ihu: "Baba, serom na gishiri, maza!" Na je kabad ɗin ruwan leda, ga na gishiri, ga na sukari, na san su sarai da launin rubutu. Sai shaiɗan ya ce mini, mutumin da ya faɗi gishiri ne zai tashe shi? Ai sukari ke ba da ƙarfi! Na ɗauko na sukari, na rufe rubutun da tafin hannuna. Ta maƙala ba ta duba ba, don ta yarda da ni. Telan bai tashi ba.

Da babban likita ya zo ya ga ledar, ya ce in zuciya ta tsaya ba a sa na sukari, na gishiri ake sawa. Ya ce wataƙila ko da na gishirin ne ajali ya riga ya zo, amma sai ya rubuta rahoto. Ya ce, "Wa ya ɗauko?" Majo ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ni na maƙala." Ni kuwa, mai bakin nan, na yi tsit kamar an ɗinke ni.

Yanzu ana maganar ɗauke Majo daga nan. Jiya matar mamacin ta aiko mini da fura, wai Dokta ya yi iya ƙoƙarinsa. Na ajiye ta, ban sha ba. Majo kuma kullum da safe sai ta ce, "Baba, ina kwana?" Wace irin gaisuwa ce mai zafi haka?

In na faɗa, gadin da nake ci da iyalina ya tafi, mutuncina a gari ya zube. In na yi shiru, yarinyar mutane ta ɗauki kayana. Rahoton jibi zai tafi Damagaram.

Jama'a, me zan yi?